Nas Turai Ta Ƙi Shiga Mota

"Ka sauke katifar nan, Yaya Baffa. Na ce ka sauke ta."

Ina tsakar gida ina tankaɗen gari na jiyo muryar Nas Turai ta kan katanga. Muryar ta dushe, amma faɗan yana nan yadda na san shi. Na ajiye rariya, na yafa mayafi, na bi ta 'yar ƙofar da ke tsakanin gidanmu da nata. Cikina wata bakwai a lokacin, sai da na karkace sannan na wuce.

Na same ta zaune a bakin ɗakinta kan kujera 'yar tsuguno, hannu ɗaya dafe da bango. Yayanta Baffa, wanda ya taso tun daga Tudun Wada da motar haya, yana tsaye da katifarta naɗe a kafaɗa. A waje direba sai danna hon yake yi.

"Turai, ki ji tsoron Allah," in ji Baffa. "Dubi yadda kika koma. Likitan nan na Kano cewa ya yi a kai ki gida. Gida ya ce, bai ce Ba'awa ba."

"Cewa ya yi a kai ni gida in mutu. Da Turanci ya faɗa, ni na fassara maka, har na rage maka wani abin. To na ji, zan mutu. Amma yau Litinin, kuma Alhamis akwai rigakafi da awo. Ka dawo Juma'a ka ɗauke ni."

"Ba ga Malam Lawal ba? Shi ba ma'aikaci ba ne?"

"Lawal namiji ne. Wace mace ce a garin nan za ta kwanta Lawal ya taɓa mata ciki?" Ta juyo ta gan ni. "Yauwa, ga Hasana. Hasana, ke za ki kwanta?"

Na durƙusa na gaida Baffa. Da ƙyar ya amsa gaisuwar. Dattijo ne mai furfura a gemu, idonsa ya yi ja, da gani ka san a hanya ma ya yi kuka.

"Mutane za su ce na bar ƙanwata ta mutu a hannun bare," ya ce.

"Su ce. Shekara tara ina garin nan ana cewa. In ka sa aka ɗauke ni da ƙarfi, wallahi kafin mu kai Kiru zan buɗe ƙofa in faɗo. Ka san zan iya."

Ya san za ta iya. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya shiga ɗakin ya shimfiɗa katifar inda ya ɗauke ta, har da gyara zanin gado. Da ya fito ya ce, "Juma'a da hantsi. Ko kin yarda ko ba ki yarda ba."

"Allah ya kai mu. Ka gaida mutanen gida."

Sai da ƙarar motar ta ɓace sannan ta saki bangon. "Zo ki riƙe ni, Hasana. Ƙafafun nan sun tafi tun ɗazu, ban so ya gani ba ne."

Na ɗaga ta. Matar da na san ta tana ɗaukar akwatin allura a ka har rugar Fulani ta dawo a ƙafa, yau ba ta fi nauyin tulun da babu ruwa ba.

A shekarar 1992 ne, bayan ƙaramar salla, zafin bazara ya kai maƙura. Nas Turai ta zo Ba'awa tun ina budurwa, aka ba ta gidan da ke jikin na surukata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta taɓa haihuwa ba. Ita da Malam Lawal ne ke riƙe da ɗakin shan magani na garin, shi yana ba da ƙwayoyi da wankin ciwo, ita awon ciki da rigakafin yara. Ba ta iya lallashi ba. In kika makara ba ki kawo yaro ba, a gaban kowa za ta tambaye ki ko jira kike ya yi gemu. Mata suna tsoron bakinta, amma duk wadda naƙuda ta yi wa gardama, ita ake rugawa a kira.

A nono ciwon ya fara mata. An yi mata aiki a Kano, ta dawo ta yi shekara biyu tana aikinta kamar ba ita ba. Da ya sake tasowa sai ya taso da ƙarfinsa, wurin ya buɗe ya ƙi rufuwa.

Ni kuwa haihuwata biyu, duka maza. Na farko kwanansa shida a duniya, na biyu ya wuce suna da kwana ɗaya. Iri ɗaya suka yi: baki ya ƙi buɗuwa ga nono, jiki ya sanƙare, ko ƙofa aka rufe sai yaro ya zabura. Tsinkau-tsinkau. Surukata, Inna Kyauta, ita ce ungozomar unguwarmu, kuma babu saiwa ko sassaƙen da ba ta sani ba tsakanin Ba'awa da bakin kogi. Ita ta yanke musu cibiya da wuƙar da ta gada wajen mahaifiyarta, ta barbaɗa toka kamar yadda ta saba. Ita ce kuma ta hana a yi mini allurar masu ciki, ta ce zubar da ciki take yi. Maigidana ba ya tsallake maganar mahaifiyarsa.

Ranar da na biyun ya rasu Nas Turai ta shigo gaisuwa. Ta yi wa kowa ta'aziyya, sannan ta miƙe ta shiga ɗakin Inna, ta zaro wuƙar daga saƙon azara, ta wuce da ita ta jefa a salga, mata sama da ashirin suna kallo. Shekara guda Inna ba ta amsa mata sallama ba.

Ciwon ne ya haɗa su. Wata rana da hantsi Inna tana shanya ganye ta jiyo nishi ta katanga. Ta tsaya ta saurara, ta yi tsaki, ta ɗauki kwalbar zuma da damin ganyen darbejiya ta shiga gidan ba sallama. Tun daga ranar, safe da yamma take wanke wurin, ta shafa zuma, ta turara ɗakin da ƙaron itacen hano saboda wari. Ba su fasa faɗa ba. Ina jiyo su.

"Wannan kuma mene ne, Inna?"

"Sha za ki yi, ba tambaya ba. Ke in kin ba mutane naki ƙwayoyin faɗa musu kike yi?"

"Ina faɗa musu. Ba sa saurare ne."

"To ke ma kada ki saurara. Sha."

Takan sha wanda ta yarda da shi, wanda ba ta yarda ba ta zubar a gindin gwanda Inna tana kallo.

Akwai abin da ni da Nas Turai muka ɓoye. Wata guda kafin nan, ranar wata Alhamis, ta dawo gida da azahar da akwatin ƙanƙara, ta kira ni in taya ta tsintar shinkafa, ta yi mini allurar farko a dantse. Ta ce guda ɗaya ba ta isa ba, sai an yi ta biyu bayan sati huɗu. Alhamis ɗin nan da saboda ita ta hana Baffa ɗaukarta, ita ce ranar ta biyun.

Ranar Talata Malam Lawal ya zo dubiya. Ya tsaya daga bakin zaure yana murza hula, ina zaune kusa da ita ina yi mata fifita.

"Faɗi abin da ya kawo ka, Lawal, ka daina wahalar da hular."

"Baƙon dauro ya shiga rugar hayin kogi. Yara biyu sun kwanta." Ya ƙara murza hular. "Sannan maganar Gwadabe ce."

Gwadabe mahauci ne, rumfarsa tana bakin hanyar ɗakin shan magani, nan maza suke zama. Shekara biyu da suka wuce ɗansa ya rasu da zazzaɓi wata ɗaya bayan an yi masa rigakafi, tun daga nan bai sake barin ɗansa ko ɗaya ya je ba.

"Me ya ce?"

"Wai mai allurar ma ga ta can tana ruɓewa a ɗaki. Wai in da maganin yana aiki da ta fara yi wa kanta. Wasu ma cewa suke alhakin yara ne ya kama ki. Satin da ya wuce mata huɗu kaɗai suka zo, Nas."

Na ɗauka za ta yi faɗa. Sai ta rufe ido, ta daɗe, har na zaci barci ne ya ɗauke ta.

"Ka tafi Kiru gobe ka karɓo allura kamar kullum," ta ce. "Ka ce su ƙara ta baƙon dauro. Ƙanƙara ka cika akwatin, kada ka tsaya gaisuwa a hanya. Alhamis ina nan fitowa."

"Fitowa ina?" Lawal ya tambaya.

"Wurin aiki mana. Ko an kore ni ne ban sani ba?"

Ranar Laraba da yamma na riƙe wa Inna ƙwaryar ruwan ɗumi tana wanke ciwon. Nas Turai ta cije gefen zaninta har aka gama. Da numfashinta ya dawo sai ta ce, "Inna, na yi wa Hasana allura wata guda ke nan. Gobe zan yi mata ta biyu. Ba a ɓoye ba, a gaban mutane."

Ƙwaryar ta kusa suɓuce mini. Inna ba ta ɗago ba, ta ci gaba da naɗe ƙyalle.

"Na sani," ta ce. "Kwana uku tana ɗaukar tulu da hannun hagu. Ni makauniya ce?"

"Kuma cikin bai zube ba."

"Ina da ido, na ce."

"To gobe ki zo ki tsaya a wurin. In matan garin nan suka ga surukar Kyauta ta miƙa hannu Kyauta tana tsaye, maganar Gwadabe ta mutu."

Inna ta ƙulla ƙyallen, ta wanke hannu, ta share a zani. "Kin wulaƙanta ni a gaban mata ranar da nake makokin jikana. Wuƙar nan da ita aka yanke cibiyar rabin garin nan, har da uban yaran. Ban ce ita ta kashe su ba. Har gobe ban ce ba."

"Ban ce ki ce ba. Kuma ba zan ba ki haƙuri ba, Inna, don in aka maido ranar zan sake jefawa. Mata nake so ki kawo min. Ni maza suna iya hana ni shiga gidajensu. Ke wa ya isa?"

Inna ta ɗauki kwalbar zumarta ta nufi ƙofa. A bakin ƙofar ta tsaya, ba ta juyo ba. "Da wace ƙafar za ki je?"

"Ko da rarrafe ne."

Washegari da sassafe na ji Inna tana kiran maigidana. "Inuwa! Fito da amalanken albasar nan ka wanke shi da sabulu. Ka shimfiɗa tabarma biyu a ciki."

Bai tambaye ta dalili ba. Ni na shiga na taya Nas Turai sa farar rigarta ta aiki. Rigar ta yi mata yawa, sai da na kama ta da fil ta baya. Ta ce in ɗaura mata kallabi sosai, in shafa mata kwalli. Ta kalli madubi ta ce, "To, aƙalla ba za su ce ba su ga gawar ba."

Maigidana ya ɗauke ta kamar yarinya ya zaunar a amalanke, muka tokare ta da matashi. Shi yana turawa, ni ina gefe riƙe da lema, Inna tana gaba da sandarta. Duk ramin da taya ta faɗa sai na ga jijiyar wuyan Nas Turai ta miƙe, amma ba ta yi ƙara ba. Mata suna leƙowa ta zaure. Tana kiran kowacce da sunanta. "Kande, ina yaron nan mai wata tara? Ki biyo ni da shi."

Da muka iso rumfar Gwadabe, maza biyar ko shida suna zaune, shi yana sara ƙashi a kan kututture. Maigidana ya ƙara sauri don mu wuce.

"Tsaya, Inuwa," ta ce. "Malam Gwadabe, ina kwana?"

Ya ajiye gatari. "Lafiya lau. Ya jikin?"

"Jiki ga shi kana gani. An ce ka ce ina ruɓewa. Ba ka yi ƙarya ba. In ka matso ma za ka ji warin."

Babu wanda ya motsa. Gwadabe ya share hannu a gaban rigarsa.

"Ni ban taɓa cewa allurata tana hana mutuwa ba," ta ce. Tana magana tana tsayawa ta ja numfashi. "Ciwon da ke jikina babu allurarsa. Da akwai da na yi. Amma na baƙon dauro akwai. Bazarar da na zo garin nan yara nawa aka binne? Kai kake haƙa kabari, ka fi ni sani."

Ya kau da kai.

"Nawa, Malam Gwadabe?"

"Goma sha tara," ya ce, kamar an fizgo maganar daga bakinsa.

"Bara fa?"

"Ɗana fa?" Muryarsa ta tashi. "Lafiyarsa ƙalau na miƙa miki shi. Bayan wata ɗaya na haƙa masa kabari da hannuna."

"Na sani. Ubale. Yana da tabo a haɓa, ya cije ni a yatsa ranar. Zazzaɓin cizon sauro ne ya kashe shi, na gaya maka a lokacin, kuma na ce a kai shi asibiti aka tsaya sai da safe. Ban ce laifinka ba ne. Amma ba zan karɓi laifin ba don in faranta maka, ko da yau zan mutu. Baƙon dauron yana hayin kogi yanzu. Kana da biyu da ba a yi wa ba. Ina can har la'asar."

Gwadabe ya ɗauki gatarinsa ya juya mana baya. Ya ɗaga, amma bai sara ba har muka wuce.

A ɗakin shan magani mata uku kacal muka tarar a gindin bishiya. Malam Lawal ya riga ya tafasa sirinji, akwatin ƙanƙara yana inuwa an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Aka sauke Nas Turai kan kujera mai hannu a baranda.

"Hasana, zo. Nan waje, inda za a gani."

Na janye mayafi na miƙa dantse. Ta zuƙi maganin da kanta. Hannunta yana rawa har tsinin allurar yana kaɗawa. Lawal ya matso zai karɓa, ta harare shi. Ta kama wuyan hannunta na dama da na hagu, ta ja numfashi, ta soka. Ya fi na farko zafi. Inna tana tsaye daf da mu, ta dogara da sanda, ba ta ɗauke ido ba har aka zare.

Wannan cikin shi ne Sabo, wanda yanzu ya fi babansa tsawo. Da sabuwar reza Inna ta yanke masa cibiya, ita ta aika aka sayo, ba ta ce wa kowa komai ba.

Da aka gama da ni Inna ta juya ta shiga gari. Daga baya mata suka ba ni labari. Ba ta roƙi kowa ba. Sai ta yi sallama, ta wuce maigida a zaure kamar ba ta gan shi ba, ta ce da matar, "Goya shi ki fito." Wani ya ce mata bai ba da izini ba. Ta ce, "Ranar da na jawo ka daga cikin uwarka ban nemi izininka ba. Matsa."

Kafin rana ta take, gindin bishiyar ya cika. Kukan yara har ba a jin magana. Can sai ga matan Fulani su bakwai sun ƙetaro daga hayin kogi a jere, wata dattijuwa mai suna Fatima tana gaba, kowacce da goyo, katinsu a ɗaure cikin leda. Lawal yana yi wa yara allura, Nas Turai tana duba kati tana faɗin wadda za a yi.

"Rufe akwatin nan, Lawal! Ruwan sanyi muke sayarwa?"

Masu ciki kuwa ɗaya bayan ɗaya suke shiga ciki. Aka matsar da kujerar Nas Turai jikin gadon awo, tunda ba ta iya sunkuyawa. Sai ta ɗora ɗan ƙahonta na sauraren bugun zuciyar jariri a kan ciki, ta jingina kunnenta da kanta gaba ɗaya a kai, ta rufe ido. Sau biyu na ɗauka ta suma. Sai in ji ta ce, "Yana nan, yana gudu kamar an biyo shi. Ke kuma jininki ya yi ƙasa. Zogale ba a bayan ɗakinku yake ba? Ci za ki yi, ba awaki za ki bar wa ba." Inna tana zaune a ƙasa a lungu, ta miƙe ƙafa, tana kallon duk abin da ake yi.

Da azahar leɓunan Nas Turai suka bushe, suka yi fari. Na kawo mata kunun tsamiya ta kurɓa sau biyu ta ture. Maigidana ya ce a mai da ita gida haka nan.

"Saura nawa?" ta tambayi Lawal.

"Masu ciki huɗu."

"To saura huɗu."

Sai bayan la'asar muka gama. Yara arba'in da shida, masu ciki goma sha ɗaya. Ana ɗora ta a amalanke ta riƙo rigar Lawal.

"Na Gwadabe sun zo?"

"Ba su zo ba."

"To." Ta saki rigar. "Alhamis mai zuwa ka aika masa. Ta gaba ma ka aika. Ka yi ta aikawa har ɗayanku ya gaji, kuma kada ya zama kai ne."

A hanyar dawowa ba ta kira sunan kowa ba. Kanta yana jingine a kafaɗata, ina tafiya a karkace ina tallafe da ita. Rumfar Gwadabe a rufe take.

Ranar Juma'a da safe na kai mata koko ba ta iya haɗiyewa ba. Inna ta buɗe ƙyallen ta duba, ta mayar a hankali ba ta wanke ba. Ta sa na kawo ruwa a kofi, tana tsoma auduga tana jiƙa mata leɓe.

Da hantsi Baffa ya iso kamar yadda ya ce. Ya shigo da saurinsa, ya tsaya turus a bakin ɗaki. Nas Turai ta buɗe ido.

"Ka cika alkawari, Yaya." Sai da ya durƙusa ya kai kunne sannan ya ji. "Ni ma zan cika. Ku ɗauke ni."

Ya miƙe zai kira direba. Inna ta tare ƙofa da sandarta.

"Malam Baffa, wannan ba za ta kai Kiru ba. In ka sa ta a mota a kan cinyarka za ta cika, ana girgiza ta. Zauna ka riƙe mata hannu."

"Inna," in ji Nas Turai, ido a rufe, "har yau ba ki daina shiga aikina ba."

"Yi shiru ki ambaci Allah."

Baffa ya zauna a ƙasa, babbar rigarsa ta bazu cikin ƙura, ya riƙe hannun yana karanta mata kalmar shahada a hankali. Ta bi shi sau biyu. Na uku leɓunanta kawai suka motsa. Ina yi mata fifita ban san ta tafi ba, sai da Inna ta miƙo hannu ta riƙe maficin. Ba a yi kiran sallar Juma'a ba tukuna.

Baffa ya ce a binne ta a nan, tunda nan ta zaɓa. Inna da wasu tsofaffi biyu suka yi mata wanka. Bayan an sauko daga masallaci aka sallace ta, aka ɗauka. Maigidana ya ce min da suka isa maƙabarta sun tarar an riga an gama haƙa, Gwadabe yana zaune a kan tarin ƙasa, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

Mu mata muna tsakar gidanta a zaune har bayan la'asar. Babu mai kuka da ƙarfi, kamar kowa yana jin za ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce a yi mata shiru. Sai muka ji sallama. Wata yarinyar mace ce da tsohon ciki, ba 'yar garinmu ba, fuskarta a kumbure, takalmanta na roba a hannu.

"Nan ne gidan Nas? Daga wajen hanyar Bebeji nake. An ce ba ta jin daɗi, na ce bari in same ta a gida. Kwana uku kaina yana sara, ƙafar ma ta ƙi shiga takalmi."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta dubi tabarmin zaman makoki da aka shimfiɗa.

Inna ce ta motsa. Zaninta bai gama bushewa daga wankan gawa ba. "Zo nan, 'yata. Zauna." Ta jawo ƙafar yarinyar ta ɗora a cinyarta, ta danna babban yatsa a saman idon sawu, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse.

"Hasana, aika a kira Malam Lawal. A ce ya zo da abinsa na awon jini, yanzu."

Na aika, na dawo da ruwa a moɗa. Yarinyar tana sha a hankali. Inna ba ta saki ƙafar ba, tana riƙe da ita a cinya, tana goge mata ƙurar hanya da jiƙaƙƙen gefen zaninta.